Rigar da Ta Ƙi Koɗewa

Ni dai tufa na sani. Tun ina saurayi a Damagaram nake kan yadi, har na zo Njamena na kafa shago a unguwar Klemat, kuma ko a duhu ka miƙo mini shadda zan gaya maka ta gaske ce ko jabu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ya koya mini. Ka murza bakin yadi da yatsu, ka tofa masa yawu ka goga a farin ƙyalle ka ga ko yana zuba, ka zaro zare ɗaya ka kai shi bakin ashana ka shinshina. Auduga ƙaurin takarda take yi, mai roba kuwa sai ya dunƙule ya yi baƙi. Da wannan ɗan sanin na ci abinci, na yi aure, na kama haya a unguwar Ridina, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Babbar 'yata sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa ban taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai in ce Uwata. Yarinya ce mai kai. Hausa a gida, Larabcin kasuwa a waje, Faransanci a makaranta, duk kamar da su aka haife ta. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa da lissafi ba, in takarda ta zo ita nake miƙa wa. Tun tana ƙarama take cewa karatun haɗa magani za ta yi a Yamai, inda ƙanwata take aure. Na ce Allah ya yarda. Daga ranar da ta shiga lise, wato babbar sakandare, duk bayan Sallah sai in cire wani abu daga ciniki in kai banki. Kowa a gidan ya san kuɗin nan, har suna gare shi, kuɗin Yamai, ko ciwo aka yi ba a taɓa shi.

A shekarar da za ta rubuta bak, wato jarrabawar gama lise, maƙwabcin shagona ya zo mini da magana. Bakano ne mai sayar da wayoyi, tsarana, bakinsa ba ya hutawa. Muna shan shayi da hantsi ya turo mini wayarsa ya ce, "Alhaji, ga harkarku nan ta tufafi. Wani kamfani ne a Turai, ba shi da shago ko ɗaya, a waya ake zaɓar riga a kawo maka har ƙofa. Da can ya yi tashe, yanzu hannun jarinsa ya faɗi warwas, kamar kyauta."

Na ce, "Mene ne kuma hannun jari?"

Ya ce, "Kaso ne. Ka saya, ka zama kana da rabo a cikin kamfanin."

To, nan na ce a raina ai wannan ba baƙon abu ba ne. Sau nawa muka haɗa kuɗi mu uku ko huɗu muka sauke dilolin atamfa? In kaya sun tafi a raba riba, in kasuwa ta ƙi a raba dilolin kowa ya ɗauki nasa. Kuma duk ɗan kasuwar tufa ya san lokacin saye shi ne lokacin da kaya suka faɗi. Yadi ba tumatir ba ne, ba ya ruɓa, ka jibge shi ka jira Sallah. Gaskiyar Allah, Bakanon nan bai cuce ni ba. Shi ma ya sa nasa ɗan kaɗan, kuma da bakinsa ya ce mini, "Ka sa abin da in ya tafi ba za ka yi kuka ba." Na ji shi da kunne ɗaya.

Amma ni ba na sayen abin da hannuna bai taɓa ba. Na sa shi ya yi mini odar riga guda, wani ɗan'uwansa mai dawowa daga Faransa ya taho da ita. Shuɗiya ce mai dogon hannu. Na murza, na tofa yawu na goga, ko ɗigon launi bai fita ba. Na juya cikinta na bi ɗinkin da farce. Na ƙona zare, ƙaurin auduga tsantsa. Kai, rigar nan ta yi! Na ce wa Bakano mutanen da suke yin irin wannan kaya ba za su taɓa durƙushewa ba, ƙaddara ce kawai ta ɗan taɓa su.

Ran nan da yamma na ba Uwata wayar, na ce ta karanta mini abin da ake faɗa game da kamfanin. Ta daɗe tana latsawa, tana zaune a kan tabarma kusa da uwarta mai tsince shinkafa. Can ta ɗago ta ce, "Baba, rigarsu ba ita ce matsalar ba. Mutane suna saye su sa, in sun ga dama su mayar, kamfanin ya biya kuɗin kai da na dawowa. Kuma bankuna suna bin su bashi mai yawa."

Na yi dariya na ce, "A mayar? A shagona in almakashi ya shiga yadi, kalas, magana ta ƙare. Su ma za su daina."

Ta ce, "In sun daina, masu sayen za su koma wani wuri. Baba, don Allah kada ka sa kuɗi a nan."

Wallahi da ta tsaya a bayani da ƙila na saurara. Wannan "kada" ɗin ce ta hau mini kai. Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Na ce, "Lallai! Yau ke za ki koya mini tufa? Ke da ko yadi biyar ba ki taɓa aunawa ba? Boko ta koya miki karanta takarda, ba ta koya miki kasuwa ba." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Uwarta ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai fa ka ce ta karanta." Na ce ita ma ta ji da shinkafarta.

Ana saura mako biyu a fara azumi na hau klando, babur ɗin haya, na je banki na ciro rabin kuɗin Yamai. Ban gaya wa kowa ba. Niyyata kuwa, Allah shi ne shaida, in ninka mata ne, ta tafi da kwamfuta sabuwa, kada ta riƙa aro a hannun 'ya'yan mutane. Na riga na ga kaina ina miƙa mata, ina cewa, "To, ga abin da jahilin ubanki ya sani."

Azumi ya wuce, Sallah ta zo. A shagona har ba na samun zama, amma a waya jan layin da ke nuna farashin hannun jarin ƙasa yake ta yi. Na tambayi Bakano, na ce yaya haka, ga lokacin ciniki ya zo? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, su wa za su yi ɗinkin Sallah a can? Kasuwarsu sai Kirsimeti." Kunya ta kama ni, amma maimakon in ja baya sai na ce to ai ya ƙara araha. Na koma banki na kwaso sauran na zuba. Bayan 'yan makonni Bakano ya sayar da nasa a kan asara, ya roƙe ni in bi shi. Na ce ni ban taɓa karyar da kaya ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Abin da yake kwantar mini da hankali shi ne ko duniya ta tashi, ai rigunan suna nan a ɗakin ajiya, za a raba a ba ni kasona in kawo Klemat in sayar.

Ana cikin haka sakamakon bak ya fito, Uwata ta ci. Uwarta ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan, ni ma na yanka kaji ina murmushin yaƙe. Takardar makaranta ta zo daga Yamai. Uwata ta je kasuwa da kanta ta sayo akwati mai taya, kullum sai ta buɗe ta ƙara wani abu a ciki.

Wata Laraba bayan la'asar saƙo ya shigo wayata, dogo, da Faransanci. Bakano ya yi tafiya. Na duba layin shagunanmu, akwai masu karatu, amma ban so wani ya san cikina. Na rufe shago na nufi gida. Na sami Uwata a tsakar gida tana guge kayan tafiya, akwatin yana buɗe a gefenta. Na miƙa mata wayar na ce, "Uwata, karanta mini wannan."

Ta ajiye dutsen guga ta karɓa. Tana karantawa tana juya mini da Hausa, a hankali, yadda ta saba. "Sun ce kamfanin ya kasa biyan bashi. Kotu ta karɓe shi. An dakatar da cinikin hannun jarin. Sun ce masu hannun jari kada su sa ran samun komai."

Na ce, "To, rigunan fa? Kayan da ke ajiye? Ina kasona?"

Ta ce, "Babu kaso, Baba. Za a sayar a biya bankuna. Ku ne na ƙarshe a layi, kuma ba zai kai kanku ba."

Sai ta tsaya tana duban wayar, domin a ƙasan saƙon an rubuta abin da na zuba. Ta fi kowa sanin wannan adadin, tun tana lise take raka ni banki. Ta ce, "Baba, da wane kuɗi?" Na kawar da kai ina duban ƙasa. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta miƙo mini wayar da hannu biyu kamar yadda aka koya mata. Sannan ta ɗauki dutsen guga ta ƙarasa guge zanen da ta fara, ta ninke shi, amma ba ta sa shi a akwatin ba.

Da ta yi mini ihu da na fi jin sauƙi. Uwarta ta yi, kwana uku ba ta ba ni amsar gaisuwa ba, kuma ta yi daidai. Ita kuwa cewa ta yi, "Ba komai, Baba, sai baɗi." Baɗin ta zo kasuwa ta yi sanyi, ƙannenta suka shiga makaranta, hayar gida ta ƙaru. Aka sake cewa baɗi. Yanzu an daina faɗa.

Tana tare da ni a shago. Ta fi ni iya awo, ta fi ni iya magana da mata masu ciniki, in Balarabiya ta shigo ko ma'aikaciyar ofis ita ke ji da su. Wani lokaci wata ta fito da takardar asibiti ta ce ta duba mata, sai in ga ta karanta tana bayanin yadda ake shan maganin, fuskarta ta yi haske. A irin wannan lokacin nakan tashi in ce zan je alwala. Akwatin yana bayan kantar shago, a ciki muke tara guntayen yadi.

Na roƙe ta gafara sau ɗaya, da baki, muna rufe shago. Ta ce ta yafe tun ranar, in daina tayar da maganar. Na yarda ta yafe, ni ne ban yafe wa kaina ba.

Rigar tana nan. Na so in ƙona ta, uwar yara ta ce ɓarna ce, don haka nake sa ta ranar da za a sauke kaya. An wanke ta ba adadi, ko maɓalli ɗaya bai cire ba. Rannan Uwata ta kwaso shanya ta miƙo mini ita a ninke, ta shafa wuyan rigar da yatsa ta ce, "Ka ga, Baba, har yau ba ta koɗe ba. Ai ka san tufa." Ba da gatse ta faɗa ba, da zuciya ɗaya ta faɗa. Na karɓa na shige ɗaki na turo ƙofa.