Ƙyasfin da na kira kuturta

Shekarun baya, tun Turawa na ƙasar nan, ina rini a karofi a birnin Kano, bakina kuwa ya fi hannuna aiki. Boko ban yi ba, allon ma ban kai ko'ina ba Malam ya gaji da ni.

Ina da aboki Babarbare mai tsire a Ƙofar Ruwa. Mu asalinmu Fulani ne, don haka tsakanina da shi sai wasa. In ce masa bawana, ya ce min ɗan daji, kuma al'ada ta hana kowa fushi.

Wata damina ƙyasfi ya feso masa, fari-fari a wuya da damtse. Wa bai san ƙyasfi ba? Ran nan da la'asar na tarar an kewaye tukubarsa, har da baƙi. Sai na ɗaga murya.

"Kai Babarbare, kuturtar ta fito fili ke nan? Ba ni tsinke biyu, amma kar yatsa ya faɗo ciki."

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan Fulani. Ci ka ba ni wuri."

Na ci kuwa. Amma na ga wani dattijo ya ajiye tsinkensa a hankali, ya goge hannu a riga.

Kafin Juma'a magana ta je har unguwar Koki ta dawo da ƙari: wai amininsa ne ma ya faɗa. Nama ya fara kwana. A majalisarmu ta ƙofar gida, inda muke haɗa hannu a akushi ɗaya, aka fara zuba masa nasa daban.

Ya je asibiti. Malamin asibiti ya sa shi rufe ido, ya riƙa taɓa wurin da auduga, duk yana ji, alhali da kuturta ce ba zai ji ba. Ya ce ƙyasfi ne, ya ba shi man shafawa. Na bi gida-gida ina rantsuwa wasa na yi. Sai a ce, "To dole ka kare shi mana."

Ni kuwa a lokacin ruwan karofi ya cinye min farce, sun yi kauri suna marmashewa. Shuni ne ya rufa min asiri. Da wannan ruɓaɓɓen hannun ake cin tuwo da ni, ba wanda ya taɓa matsawa.

Ran da zai hau jirgin Nguru da iyalinsa, na same shi a tasha. Na ce, "Don Allah ka zage ni, ko ka mare ni."

Ya ce, "Ai wasa ne. Ina ka taɓa jin Babarbare ya yi fushi da Bafulatani?"

Na miƙa masa hannu. Nasa na cikin riga, ya riga ya saba ɓoyewa.

Na ji labarin ƙyasfin ya warke tun kafin rani, amma bai ƙara taka Kano ba. Farcena har yau suna nan yadda suke. Da ya mare ni ran nan, da tuni na manta. Jikokina sun ɗauka rashin haƙori ne ya hana ni cin tsire. Na bar su a haka.