Rumbun Da Aka Buɗe Kafin Ruwa

Babana da hannunsa yake rufe rumbun gandu, ba ya barin kowa ya taya shi. In an gama kaka, an fid da zakka, an ba mata rabonsu, sai ya kwaɓa laka, ya hau tsani, ya ɗora marfi a bakin rumbun ya liƙe shi zagaye. Kafin lakar ta bushe sai ya danna tafin hannunsa na dama a kai. Daga ranar nan hatsin da ke ciki ya fi ƙarfin kowa, har shi kansa, sai ruwan shuka ya sauka. Da rani kowace mace tana ci da 'ya'yanta daga gamanarta, wato 'yar gonar da aka yanka mata. Mu maza mu tafi cin rani, mu rage wa gida baki. Hatsin gandu na damina ne, na kwanakin da mutum ke wuni duƙe a gona.

Ba gidanmu kaɗai ba, duk garin haka ake yi, tun kakanninmu da suka hauro daga ƙasar Katsina. Kuma kowa ya san ƙarfin kalmar nan, "an rufe". In maroƙi ya zo, ko ɗan'uwa mai biki, ko ma mai gari, ka ce masa an rufe, to magana ta ƙare. Ba wanda zai kira ka marowaci.

Garinmu ƙarami ne, a bakin hanya, tsakanin Gidan Rumji da Cadakori. 'Yan shekaru kaɗan bayan ƙasa ta sami 'yancin kai, ina da mata mai ciki, kuma ni kaɗai ne a garin na taɓa zama lakol, wato makarantar boko. Shekara huɗu na yi. Saboda haka duk takardar da gardi, dogarin gwamnati, ya kawo daga buro, wato ofis, ni mai gari ke kira in karanta.

Wata rana da kaka, ina shirin tafiya cin rani, takarda ta zo. Ta ce gwamnati ta yi doka don a jawo baƙi daga ƙasashen waje, masu yawon buɗe ido, su zo su ga ƙasarmu. Ta ce garuruwan bakin hanya su share titi, su tanadi kiɗa da rawa da duk abin kallo, kuma su ba ma'aikata duk abin da suka nema don wannan aiki. Zan faɗi gaskiya: na yi murna. Na ce jiya Annasara ke zuwa karɓar haraji da kama mutane aikin dole, yau ga shi za su zo su kalle mu a matsayin masu gida. Na fasa tafiyata.

Bayan kwana kaɗan mutumin buro ya zo, saurayi mai tabarau, Bahaushe ɗan'uwanmu. Na zagaya da shi gari. Ya ga marina, ya ga maƙera, ya yatsine fuska. Ni kuwa ina so garinmu ya fita kunya, sai na kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, na ce masa, "Mushe, zo ka ga rumbun babana." Rumbun ƙasa ne, babu kamarsa a yankin, ya fi ɗaki tsawo, sumul kamar randa. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na kai shi da ƙafata.

Ya zagaye shi, ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Cike yake?"

Na ce, "Har wuya."

Ya ce, "To shi za a buɗe. Baƙi su ga mata na fid da damma, suna sussuka, suna lugude. Su koma su ba da labari cewa tun da muka riƙe ƙasarmu ba mu san yunwa ba."

Baba na zaune a zaure yana tufka igiya. Da aka gaya masa, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "An rufe."

Mutumin buro ya ce, "Baba, sai a buɗe, ai ba dutse ba ne. Doka ce."

Baba ya ce, "Yaro, dokar nan ta san ranar da ruwa zai sauka?"

Saurayin ya yi dariya, ya tafi. Kashegari ya dawo da gardi biyu da mai gari. Mai gari abokin Baba ne tun na yaranta, tare aka yi musu kaciya. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Don Allah ka rufa mini asiri. Dami goma kawai za a fitar, a yi wasan, a mayar. In aka ce garina ya ƙi dokar gwamnati, rawanin nan ba zai kwana a kaina ba."

Baba ya juyo wajena. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana. Ya ce, "Kai, kai ka karanta takardar. Akwai rumbuna a ciki?"

Na ce, "Babu, Baba. Amma an ce a ba su duk abin da suka nema."

Sai ya miƙo mini gatari ya ce, "Hau. Hannun da ya rufe ba zai buɗe ba."

Na hau. Na sari lakar, tafin hannunsa ya rabe uku ya faɗo ƙasa. Ƙamshin hatsi ya bugo mini fuska. Innata na tsaye a ƙofar ɗakinta da ludayi a hannu.

An ce baƙi za su zo ranar Alhamis. Tun Laraba aka tattaro makaɗa da 'yan kokawa da 'yan tauri da masu rawa daga ƙauyukan kewaye, aka zube su a garinmu. Alhamis ta wuce, ba kowa. Aka ce Asabar. Asabar aka ce motarsu ta lalace, amma kada kowa ya motsa, gardi na nan.

Wanda ya rubuta dokar bai rubuta abin da mutanen nan za su ci ba. Sun zo da guzurin kwana biyu, ya ƙare. Mai gari ya bi gida gida neman hatsi. Kowane maigida ya ce masa, "An rufe." Gaskiya suka faɗa, ban kuma ga laifinsu ba, shi ma mai gari nasa a rufe yake. A duk garin rumbu ɗaya ne bakinsa ke buɗe, tsani na jingine a jikinsa, kuma a ƙofar gidan mai rumbun aka sauke mutanen, don a nan za a yi wasa. Mu kaɗai aka ƙwace wa kalmar da ke kare kowa.

Babana kuwa ba mutumin da za a kwana da yunwa a ƙofar gidansa ba ne. Da ya ji wani tsohon makaɗi yana tambayar yara ko akwai sauran ƙanzo, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna, "A dama musu hura."

Inna ta ce, "Malam, na damina ne fa."

Ya ce, "Na sani. A dama."

Haka aka shiga. Safe hura, yamma tuwo. 'Yan kokawa kuwa kowa ya san cikinsu. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai layu har gwiwar hannu, kullum sai ya ɗaga ƙwarya ya ce, "Uwar gida, ƙaro! In na faɗi gaban Annasara, gwamnati aka kayar." Mutane su yi dariya. Taubashina, ɗan ƙanwar Baba, duk inda ya gan ni sai ya cire hula ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, Annasaran garinmu, ina baƙin naka? Ko a bayan kunkuru suka taho?" Da farko ina rama masa. Daga baya na daina, shi ma ya daina.

Kullum ni ke shiga rumbun in miƙo damma. Ranar farko daga baki nake ɗauka. Ana nan sai na shiga har ƙugu, ana nan har ya shanye ni. Na sami mutumin buro na ce masa hatsi na tafiya. Ya ce, "Kai da ka yi lakol, kar ka yi tunani irin na tsofaffi. Gwamnati ba ta manta alheri."

A rana ta goma sha biyu suka iso, bayan azahar, a mota biyu. Ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Aka buga ganguna, aka yi kokawa. Matata, da ƙaramin cikinta, ta shiga lugude, tana jefa taɓarya sama tana tafi tana cafewa, don an ce dole a yi fara'a. Suka yi ta ɗaukar hoto. Baba ya sa babbar rigarsa ya zauna a zaure, an shimfiɗa tabarma sabuwa, an ajiye ƙwaryar hura da nono, yana jiran baƙinsa su shigo a gaisa. Ba wanda ya kai su. Wani daga cikin baƙin ya hau tsani ya leƙa rumbun, ya ce da Faransanci ai ya yi ƙasa. Na ji mutumin buro ya amsa masa cewa irin wannan rumbu kowane gida na da uku.

Wata mace a cikinsu ta tsinci ɓallin laka a gindin rumbun, mai shatin yatsu uku. Ta nuna mini, ta tambaya ko za ta iya tafiya da shi. Mutumin buro ya ce mata ta ɗauka, ba komai ba ne. Ta naɗe shi a mayafi ta sa a jaka. Kafin la'asar sun tafi.

Ba na jin haushin matar nan, ko sauransu. Abin da aka nuna musu suka gani. Haushina yana kan waɗanda suka tashi da tuwon hatsi, suka san damina, suka san abin da rufaffen rumbu ke nufi, amma suka zauna a inuwa suka rubuta "duk abin da aka nema". Annasara ya mulke mu shekara da shekaru, ya karɓi abin da ya karɓa, amma rumbun babana ba a taɓa fasa shi da rani ba sai da namu suka hau kujera. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai, kuma ban iya faɗinta a lokacin ba.

Baba ya sake liƙe marfin. Bai danna hannunsa ba. Na je buro sau biyu neman a mayar mana da hatsi. Aka buɗe mini dokar aka ce in nuna inda aka rubuta haka. Na karanta daga sama har ƙasa, babu.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, sai ya ɗauke. Shukar ta ƙone, muka sake. A shekarar da rumbu ke cike wannan ba abin tsoro ba ne, don saboda irin haka ake rufe shi. Namu ya ƙare muna tsakiyar maimai, noma na biyu. Matata ta haihu a kwanakin. Maƙwabta sun taimaka, mai gari ya aiko da abin da ya iya, amma damina ba lokacin kyauta ba ne. Muka koma tafasa da yaɗiya da dusa.

Wata safiya na ga Baba ya saɓa hauya ya nufi wata hanya da ba ta gonarmu ba. Ya tafi ƙwadago gonar wani ɗan kasuwa, a biya shi da tiyar hatsi. Mutumin da ake kawo wa ƙarar iyakar gona ya raba, mutumin da bai taɓa duƙawa a gonar wani ba sai gayya. Na tare shi na ce ni zan je. Ya ce, "Kai ka riƙe gandu. In aka bar shi ciyawa ta ci, baɗi ma mun mutu." Bai taɓa ce mini ni na jawo ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Daga baya Inna ta gaya mini cewa duk tuwon da aka kai masa, sai ya ce a miƙa wa mai jego, wai shi ya ci a can gona. Bai ci ba. Zazzaɓin marka ya same shi babu komai a jikinsa. Aka kawo shi a kan jaki. Ya yi kwana huɗu. Ya rasu hatsinmu ya fid da kai, saura kaɗan a fara cin tumu.

Malamai sun ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, rai na Allah ne. Amma gatarin nan ba daga sama ya faɗo ba.

Da kaka na zuba abin da muka samu a rumbun, na kwaɓa laka, na liƙe, na danna hannuna. Sanyi na shigowa sai ga takarda, sai ga mutumin buro da tabaransa. Ya yi mini gaisuwar rasuwa a tsaye, sannan ya ce baƙin bara sun yaba ƙwarai, bana ma za a kawo wasu.

Na ce, "An rufe."

Ya ce, "Kai ma? Kai da ka san doka?"

Na ce, "Na san ta. Ni na karanta masa."

Ya dubi mai gari. Mai gari ya dubi ƙasa, ya ce, "Mushe, ka ji abin da ya ce. An rufe." Taubashina ya je ya ɗauke tsanin daga jikin rumbun, ya saɓa a kafaɗa ya fita da shi, ba wasa a fuskarsa.

Jandarma suka tafi da ni, na kwana uku a wajensu, suka sake ni. Baƙin aka kai su wani gari, ban san rumbun wa aka fasa a can ba. Da na dawo ban shiga gida ba sai da na karɓo tsani na hau na duba. Lakar na nan yadda na bar ta, da shatin hannuna a kai. Bai kai na Baba girma ba.