Ranar da Kawu ya zo duba murjanina

"Kawu, don Allah tsaya!" Da ƙyar na riƙe hannunsa, kwalbar maganin kaska tana dab da bakin tankin kifina.

A Dutse ne, shekarar da aka fara shari'ar Musulunci. Ina kiwon murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da dutse, a tankin gilashi na ruwan gishiri, tun daga Legas na ɗauko shi. Sai wasu ƙananan tsutsotsi masu faɗi suka lulluɓe shi, ya fara fari yana mutuwa. Kawuna ya zo daga Miga ya tarar da ni cikin tagumi.

Ya ce, "Wannan ai kaska ce. Abin da ke yi wa akuya magani zai yi wa dutse."

Na ce, "Kawu, in ka zuba, har kifayen sai mun yi musu jana'iza."

Na ciro murjanin, na tsoma shi a kwano daban mai ruwan gishiri da ɗigon aidin, na kaɗa. Tsutsotsin suka yi ta zubowa. Ƙwayayensu kuwa da tsinken tsintsiya na kankare. Kawu ya girgiza kai ya ce boko ya sa ni jinyar dutse.

Da ya dawo bayan sallah, ko zama bai yi ba ya ce, "Ya mai jiki?"

Na nuna masa. Murjani ya buɗe kore shar, yana kaɗawa a ruwa. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

Har dutse na sa an yi wa sannu! Ku fa, wace jinya kuka taɓa yi da aka yi muku dariya?