Wayar Matar Dillali

Matar dillalin waya ba ta daɗewa da waya ɗaya. Sana'ata ke nan a Sabon Gari. In ciniki ya faɗa kan wadda ke hannun maiɗakina, sai in sayar, in kawo mata wata. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai ranar da na kawo mata mai tsari daban, ta kasa tuna kalmar sirrin asusun da ta adana saƙonnin muryar marigayiya mahaifiyarta.

Da ƙyar muka dawo da asusun. Ranar na saka mata manhajar da ke ajiye kalmomin sirri, wadda ke buɗewa a kowace irin waya, har da kwamfutar shagona. Kalma ɗaya kawai za ta riƙe a ka.

Na ce, "Hajiya, faɗa mini in shigar miki."

Ta ce, "Juya bayanka, Alhaji. Kai da komai na sayarwa ne."

Na juya ina dariya.

Da na sake canja mata waya, a tsakar gidanmu na Samaru ta shiga asusun da kanta. Muryar Inna ta fito, tana tambayar ko mun ci abinci. Ta matso da wayar kusa da kunnena, muka saurara tare.