Ranar da Inna Ta Yi wa Na'ura Shara

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban sa ko hoton galan ɗin mai a shafin nan ba. Waɗanda suka riga suka kashe ni da baki a kasuwar Sassumbrum, ku yi haƙuri, ina nan da raina.

Ga wanda bai san ni ba, man gyaɗa da ƙuli nake yi a gidanmu na Kwaya, ni da mahaifiyata, Inna.

Abin ya fara da tari da ciwon kai. Na sha citta, na sha zuma, na sha abin da ban san sunansa ba. Daga baya ƙirjina ya koma yin fito, guga ɗaya in na ja sai na zauna.

Wata Talata ina tsakar suya na faɗi. A amalanke aka kai ni bakin hanya, daga nan sai asibiti a Magariya.

Kwana tara da robar oksijan a hanci. Aka yi analis ɗin majina, aka yi radiyo, wato hoton ƙirji, aka ce ba tarin fuka ba ne. Na ji sauƙi, na koma gida, cikin sati ɗaya aka maido ni. Tsoro ya kama ni sosai, don ban san da me nake faɗa ba.

Lokotoro, likitan da ke duba ni, ya ce: "Nan kina warkewa, gida kina kwantawa. Me kike shaƙa a can?"

Na ce iska mana, irin ta kowa. Bai yi dariya ba. Ya haɗa mu da Malam Habu, ma'aikacin wani porje, wato shiri, mai auna hayaƙi a gidaje.

To ɗakin suyarmu ba shi da taga. Ƙofar ma buhu muke sakewa, 'yar kafar sama kuma Inna ta toshe da tsumma, saboda a wurinta in idon mutum ya faɗa kan tunkuza, mai ba ya fita. Makamashinmu ɓawon gyaɗa da kara, leda ce ke tayar da wutar.

Malam Habu ya je ina kwance a asibiti. Ya rataye na'urar daidai tsayin hancin mai aiki. Wata 'yar aba ce mai zuƙar iska ta cikin farar takarda, ana auna nauyin takardar kafin aiki da bayansa. Ya ce wa Inna ta yi aikinta yadda ta saba, zai dawo da la'asar.

Sakamako ya fito, wai iskar ɗakin ba laifi. Inna ta ce dama ta faɗa, bakin mutane ne. Ni kuma na yarda da na'ura, na koma suya.

Kwana uku na yi aka sake kwasa ta zuwa asibiti. Wannan karon har leɓena ya canza launi, na ji wata mai jinya tana karanta min kalmar shahada.

Sai da na farfaɗo Inna ke ba ni labari, da alfahari ma. Ashe Malam Habu na juya baya ta yaye buhun, ta zare tsumman, ta share ɗakin tas, ta yayyafa ruwa. Ta aro busasshen icce a maƙwabta, ta soya tiya ɗaya tak, a tsakar gida. Na'ura ta wuni tana shan iska a ɗaki mai sanyi kamar amarya.

Na ce: "Inna, don Allah me ya sa?"

Ta ce: "Ke, baƙo daga Damagaram, da kayan gwamnati, in bar shi ya rubuta ƙazantarmu a takarda?"

Takaici ya kama ni. Uwa ce, ba dama in ɗaga murya, numfashin ɗagawar ma ba ni da shi. Kuka kawai na yi.

Da aka sallame ni na kira Malam Habu na roƙe shi ya dawo. Ya ce ba mu ne farko ba, wani gidan har turaren wuta aka sa wa na'urar. Wannan karon bai tafi ko'ina ba. Ya rataye ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje don a gwada bambanci, ya zauna kan turmi yana gadi, ni ma ina daga nesa. Inna ta saki buhu, ta kunna leda, tana ta mita.

Ba a jima ba wata ƙaramar na'ura mai gane iskar da ba ta da wari ta hau kuka, ya sa Inna ta fito ba shiri. Da ya buɗe mai takardar da ya rataye a ɗakin, takardar ta zama kamar gindin tukunya. Ta waje kuwa da kyar ta dushe.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce: "Malam, irin wannan ne a ƙirjin 'yar nan?"

Ya ce irinsa ne, na shekara da shekaru.

Washegari da kanta ta kira magini. Yanzu a rumfa ake suya, ga murhu mai bututun hayaƙi, leda kuwa an daina. Duk mai wucewa yana gani, mai kuma yana fita.

Wata huɗu rabona da gadon asibiti. Ina jan guga, amma abin fesawa a baki na cikin jakata kullum, lokotoro ya ce wani tabon ba zai goge ba.

Na gode wa Allah, na gode wa masu jinya, da Malam Habu, da ku masu addu'a.

'Yan uwa masu suya, ku buɗe ɗakunan nan, ku bar ƙona leda. Tarin da ya ƙi tafiya ku kai shi asibiti, ku faɗi aikin da kuke yi. In aka zo awo, kar a yi shara, kar a rage wuta, a bar na'ura ta shaƙi abin da kuke shaƙa.

Ni shekara shida na yi a ɗakin nan. Inna ta yi talatin da wani abu, tana ce wa nata tarin tsufa. Ranar Litinin za a yi mata radiyo, ku sa ta a addu'a.