Hannun Hajiya a Kan Sitiyari

A unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar Misira, saman gidan da muke haya mu ɗalibai, akwai wani Bahaushen Sudan da ke zaune da mahaifiyarsa Hajiya. In ka gan shi yana saukowa da kwandon cefanenta, wallahi ba za ka ce shi ne zakaran tseren motoci na hamada ba. Ni kaina sai da na bi shi wajen Fayyum na ga yadda yake hawa tudun yashi da mota kamar ɗan akuya, sannan na yarda. Ranar ihu na yi har muryata ta dushe, na manta ni ɗalibin fiƙihu ne.

Yana da al'ada guda: ba ya shiga tsere sai Hajiya ta ɗora hannunta a kan sitiyari ta ce Allah ya tsare. Har ƙofar gida yake kawo motar a kan tirela don wannan kawai, yara na biye da shi.

To, ana gab da tseren ƙarshe na shekara, wata maƙwabciya mai dogon baki ta nuna wa Hajiya hoton wata motar tsere da ta kife. Shi ke nan, Hajiya ta ce khalas, hannunta ya bar sitiyari. Mai motar, wani Bamisire ɗan unguwar Ma'adi, ya ce in ɗan Hajiya bai fito tseren ba zai ba wani kujerar, kuma ba dawowa.

Ɗan Hajiya ya sauko wurina idonsa jawur. "Ya ustaz, kai ka yi karatu, je ka yi mata bayani."

Na gyara hula na hau. Na fara kawo mata halaccin tsere, daga na dawakai zuwa na raƙuma. Ta bar ni na gama tsaf, ta tura mini kofin shayi.

"Malam ƙarami, doki na kamawa da wuta?"

Na sha shayina. Can ta dubi ɗanta ta ce, "Ka sa ni a ciki. In ga abin da kake yi da idona."

Kai! Washegari da hantsi muna bakin hamada. Aka sa wa Hajiya hular kwano a kan mayafi, aka ɗaure ta da bel, carbi na hannunta. Ya ja motar a hankali, kamar ya ɗauko ƙwai, ya zaga ya dawo. Ta buga masa tsawa har muna ji: "Ni za ka yi wa ƙarya? Da wannan tafiyar ake ba ka kofi? Yalla!"

Ai kuwa ya taka. Jama'a, na ga gudu! Yashi ya tashi, motar ta haye tudu, tayoyinta huɗu suka bar ƙasa, ta dira, ta karkace ta miƙe. Makanikansa suna tsalle suna kabbara, ni kuma ina tsalle ina salati, murna da tsoro duk sun cakuɗe mini. Ina ta faɗi a raina, yau mun kashe tsohuwar mutane.

Da suka tsaya, ta fito da ƙafarta, hular ta karkace, ta zauna a kan yashi. Ta ce wa ɗanta, "Na yi ta kiran ka a cikin motar nan. Ba ka amsa ba."

Mutumin da ko yana wanka ta kira shi sai ya ce na'am da kumfa a fuska! Ya zube a gabanta. "Inna, ki yafe mini. Wallahi ban ji ba."

"Na san ba ka ji ba. Ubanka babbar mota yake ja a hanyar Gadarif, ba ya gudu ko kaɗan. Ina gefensa na kira shi, ya juyo ya amsa mini." Ta tsaya nan, ba ta ƙarasa ba. Sai a ranar na san yadda aka yi ta zama gwauruwa, na kuma gane tabon da ke goshinta.

Ta miƙa mini hannu na tashe ta. Ta taka zuwa motar, ta zura hannu ta taga ta dafa sitiyarin, ta daɗe a haka.

"Allah ya tsare," in ji ta. "Je ka cinye su. Kuma ko ni ce na kira ka, kada ka juyo."