Babaji da Iskar Hanyar Daura

Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan gwanjo a Babbar Kasuwar Katsina neman takalmi, da wuya a ce bai tsaya rumfar Babaji ba. Gajere ne kakkaura, da furfura tsilli-tsilli a gemu, kuma Allah ya ba shi wata baiwa: kallo ɗaya zai yi wa ƙafarka ya faɗi lambarta, ya zura hannu cikin tuli ya zaro maka daidai. Tun yana saurayi yake wannan sana'a. A cikinta ya yi aure, ya gina ɗakuna uku a Ƙofar Sauri, ya aurar da ɗiyarsa Ramla can Daura. Ba mutum ne mai hayaniya ba, shi ya sa aka sha mamakin abin da ya ɗauko wa kansa yana da shekara arba'in da bakwai.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, fastocin 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon kasuwa ba, Babaji ya yanke wata dila, sai ga takalma ƙafa biyar masu dogon wuya, kowanne da taya huɗu jere a ƙasa. Maƙwabcinsa Almu mai jakunkuna ya ɗaga ɗaya ya murza tayar da yatsa, ya ce, "Babaji, an aiko maka mota, saura lasin."

Wata guda suna rataye ba wanda ya taya. Ran nan ya ɗauki wanda ya yi masa daidai ya kai gida, ya saka a tsakar gida, ya kama igiyar shanya ya miƙe. Da shi da igiyar da wankin matarsa Sabuwa duk suka haɗu a ƙasa. Sabuwa ta leƙo daga madafa, ta ce, "Malam, in gwaji ne ai ka gwada. Sannu."

Bai bari ba. Kafin damina ta ɗauke yana zagaye unguwa bayan sallar asuba, hannu a goye a baya, kamar malamin da ya fito duba ɗalibai. Samari huɗu suka biyo shi suka karɓi sauran takalman: Siddiq tela, ƙanensa Hussaini, Ɗanliti mai gyaran rediyo, da Tanko. Duk sun girma, biyu ma da iyali, amma a gaban Babaji yara ne, Baba suke ce masa. Shi ya koya musu juya tayoyi kada gefe ɗaya ya cinye, da wanke boris da kananzir a shanya a sa maiko. Ranar Asabar sai su fita ta Ƙofar Durɓi su kama hanyar Daura a jere, Babaji a gaba, sauran a baya bisa shekarunsu. Ba wanda ya tsara haka. Haka ake tafiya da babba, ko zuwa gaisuwa ne, ko zuwa masallaci.

Sannu a hankali tafiya ta yi tsawo, har Babaji ya sa a ransa sai ya je ya gaida Ramla a kan takalmin nan, kilomita tamanin ko kusa da haka. Sau uku suna gwadawa, sau uku yana ƙarewa a Mashi, rabin hanya. Cinyoyi su ɗau rawa, numfashi ya ƙi, a zaunar da shi gindin bedi a yi masa fifita, a tare motar haya a sako shi, samarin nan kuwa garau kamar yanzu suka fito. A na ukun da ƙyar ya iya tsallake dokin ƙofa.

Sabuwa ta dafa ruwa ta gasa masa ƙafafun. Sa'annan ta ce, "Malam, ni ban hana ka ba. Amma ka yi mini alkawari. In aka sake dawo mini da kai cikin mota kamar buhun gero, ka rataye su ke nan."

Ya ce, "Na yi. Sau ɗaya ya rage."

Maganar ta zauna masa a rai, don a duk mako ba abin da yake ɗoki kamar safiyar Asabar. A rumfa ya riƙa kallon furfurarsa a madubin gwada takalmi yana cewa, to, wataƙila dai girma ne ya zo.

Akwai wani abokin cinikinsa, Markus, mutumin Filato, ma'aikacin gwamnati da ya daɗe a Katsina har 'ya'yansa sun fi shi iya Katsinanci. Da ƙuruciya ya yi tseren keke a Jos. Ya zo sayen takalman makaranta, ya ji labarin, ya ce zai raka su atisaye da babur ɗinsa ya ɗaukar musu jarkar ruwa. Asabar ta zo, ya bi su a hankali yana kallo. Ba su yi kilomita goma sha biyar ba ya yi musu oda suka tsaya.

"Malam Babaji, tun yaushe kake gaba?"

"Tun da muka fara."

"Ba yau nake nufi ba."

"Ai ni ma ba yau nake nufi ba. Shekara guda ke nan."

Markus ya cire hula ya sosa kai, ya yi ta dariya har sai da ya dafa babur. "To ai ba tsufa ke damun ka ba. Kai kaɗai kake fasa iska, waɗannan ƙartin suna kwance a bayanka suna hutawa. Mu a keke, na gaba ya ja kaɗan, ya kauce, ya koma can ƙarshe, na biyu ya karɓa. In ba haka ba ko doki ne sai ya faɗi."

Ɗanliti ya ce, "Ni dai na lura in ina bayan Tanko kamar tura ni ake. Na ɗauka albarkar Baba ce."

"Albarkarsa ce mana," in ji Markus, "da gumin jikinsa. Siddiq, shiga gaba mu gani."

Siddiq ya ja da baya har tayarsa ta sauka kan tsakuwa. "Mi? Ni in shiga gaban Baba? Yallaɓai, ka ga yadda muke duƙawa kuwa? In duƙa in miƙa wa sa'an ubana baya tun daga nan har Daura? In tsohuwarmu ta ji, sai dai in nemi wani gidan."

"To Tanko."

"Ni da nake bayan Siddiq da shekara biyu?"

Aka yi ta yi, suka ƙi. Har Markus ya sa Babaji ya ce ya yafe, Siddiq ya shiga gaban, amma bai yi taku ashirin ba ya fara waiwaye, ya rage gudu, ya raɓe gefe kamar wanda ya ci karo da surukinsa a lungu, Babaji ya sake tsintar kansa a gaba. Haka suka juyo gida.

Gaskiyar magana, ko shi Babaji abin bai kwanta masa ba. Yana son gaban nan. Shi ke fara hango rami ya nuna da hannu, shi masu tallar fura ke fara yi wa sannu. Ya koma ƙarshe, bayan Hussaini da aka yi sunansa yana wurin? Kwana biyu yana juya abin a rumfa. Ran Talata yana zaune sai ya ga Almu ya ƙwala wa wani magidanci ɗan yayarsa kira ya ce ya ɗauki kaya ya yi gaba zuwa tasha, ga shi nan tafe. Mutumin ya saɓa kaya ya wuce gaban kawunsa ba ko waiwaye, ba kuwa wanda ya ga rashin kunya a ciki. Babaji ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya yi murmushi shi kaɗai.

Ranar tafiya suka yi sallar asuba a masallaci ɗaya, suka ɗaure takalma a bakin Ƙofar Durɓi, Markus na jiransu da jarka biyu da ƙullin dabino. Babaji ya ja layin kamar kullum. Iskar gabas ta taso tana dukan ƙirjinsa. Ya ƙirga falwayar lantarki ashirin a gefen hanya, sai ya ɗaga murya ba tare da ya juyo ba.

"Siddiq."

"Na'am, Baba."

"Zan aike ka."

"To, Baba."

"Ka je gaba ka tare mini iskar nan, falwaya ashirin. In ka cika, ka aiki Tanko, ka biyo ni baya ka ba ni labari."

Siddiq ya ce, "Baba, ai wannan..."

"Aiken nawa ne ba za ka je ba?"

Shiga gaban babba abin kunya ne, amma ƙin aikensa ya fi muni nesa ba kusa ba. Siddiq ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya sunkuya ya wuce. Babaji ya kauce ya bar su suka shige ɗaya bayan ɗaya, ya manne bayan Hussaini. Sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, ƙafa na tafiya da rabin ƙarfin da ya saba sawa. Ya ce a ransa, ashe haka 'yan banzan nan suke ji shekara guda.

Da Siddiq ya cika ashirin ya dawo baya yana haki, Babaji ya ce, "Ya ka baro gaban?"

"Baba, wallahi ka yafe mana."

"Rufe baki ka ja numfashi, akwai wani aiken."

Suka wuce Mashi hantsi bai gama ɗagawa ba. Mai shayin da ya saba taya su yi masa fifita ya fito da buta a hannu, yana neman Babaji a gaba bai gan shi ba, sai ga shi na huɗu yana ɗaga masa hannu. Suka tsaya can gaba suka sha ruwa, suka ci dabino, suka juya tayoyi. Wahala dai an sha ta. Bayan kilomita sittin bayan Babaji ya ƙage, ƙafar hagu ta yi bororo, har Markus ya matso da babur ya ce ko a huta. Babaji ya girgiza kai, sai dai ya rage nasa ja zuwa falwaya goma.

Ana gab da kiran azahar suka hango gidajen Daura. Hussaini ke gaba. Ya fara rage gudu, yana buɗe hanya don Baba ya wuce ya shiga gari a matsayinsa.

"Hussaini, nawa ka ƙirga?"

"Bakwai, Baba."

"Saura sha uku. Wa ya sallame ka?"

Haka suka shiga Daura, ƙaramin cikinsu a gaba, Babaji na biye da shi, yara na bin su da gudu. Ramla ta fito zaure da goyo ta ga ubanta zaune a dakali yana kwance igiyar takalmi, jiƙe sharkaf, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, da gaske a kan wannan kuka zo?" Ya ce, "Kawo ruwa tukuna, ki fara ba baƙi."

A can suka kwana. Washegari mijin Ramla ya ce zai sa su a mota, Babaji ya ce a'a, akwai maganar da ke tsakaninsa da mutuniyar gida, mota ba ta cikinta. Iska na bayansu a dawowa, la'asar ta yi musu a Ƙofar Sauri. Sabuwa ta ji ƙarar tayoyi a zaure, ta ɗaga labule ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ya ka baro su?"

Ya yi shekara tara yana fita bayan wannan, layin ya kai mutum goma sha huɗu. Duk sabon shiga, ranar farko Babaji kan sa shi a bayansa ya ji daɗin, a ta biyu kuma ya aike shi.